Jar Fitilar da Na Ɓoye wa Ƙanena

Shekarun baya, Innarmu tana da rai a lokacin, ƙanena ya gama karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Yamai ya tattaro ya dawo Tanout da zama. Shi ne autanmu, kuma mu biyu kaɗai muka rage wa Inna cikin bakwai da ta haifa. Abokan karatunsa duk sun laƙe a birni, shi kuwa ya ce a ƙasarmu ta Damargu zai zauna ko da shayi zai riƙa dafawa a bakin tasha. Allah bai kai shi ga dafa shayin ba. Wata ƙungiya ta manoma da makiyaya ta ɗauke shi aiki, aikinsa na farko a duniya.

Wanda ya san ƙasarmu ya san rigimar burtali, wato hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Kowace kaka sai an yi ta. Manomi ya ce an shigo masa gona, makiyayi ya ce gonar ce ta cinye hanya. Takarda babu, abin da ke raba gardama shi ne tsoho ya miƙe ya ce daga waccan aduwa zuwa tsohuwar rijiya hanyar shanu ce tun zamanin kakansa. To tsofaffin suna ta ƙarewa. Shi ne ƙungiyar ta tura mutane da salula, suka kwashe rani guda suna yawo tun daga Belbeji har cikin kwarin Tarka, suna ɗaukar muryar tsofaffi da Hausa da Fillanci da Buzanci, suna ɗaukar hoton wuraren da suka nuna. Aikin ƙanena shi ne ya tara wannan duka a shafin intanet, yadda kowane mai gari ko harɗon Fulani zai buɗe a wayarsa ya ji da kunnensa.

Injin da zai riƙe shafin, wanda suke cewa sabar, a gidanmu aka ajiye shi. Biron ƙungiyar, wato ofishinta, ba a gama rufinsa ba, mu kuwa muna da fanon wutar rana mai kyau da batura, sai maigidana ya ba su aron shagon da ke jikin zaurenmu. Baƙin akwati ne mai tsawo, ba wani kyan gani, yana huci kamar ɗan akuyan da ya sha gudu.

Ranar da zai haɗa shi na kai masa fura da hantsi, na tarar ya baje kaya a kan tabarma. Ni da ma akwai ni da son sanin abin da bai shafe ni ba. Na yi kwalej har na samu birbe, takardar shaidar gamawa, kafin aure, kuma ina jin wannan birbe kamar digiri ne, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Sai na ja kujera na zauna. Ya nuna mini wasu ƙarafa biyu masu faɗin tafin hannu, da nauyi, ya ce su ne diski, a cikinsu komai zai zauna. Ya ce kafin a zuba musu komai sai an yanka kowanne gida-gida: ƙaramin wuri na abin da ke tada injin, matsakaici na kayan aikinsa, sai babban wuri na muryoyi da hotuna. Na ce ashe kamar gida ne, zaure daban, madafi daban, ɗakin ajiya daban, don kada hayaƙin wani ya ɓata wani. Ya yi dariya ya ce lallai birben Yaya bai tafi a banza ba. Na kumbura kamar an naɗa ni sarauta.

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne yankan ya zo daidai a duka biyun. Ya yanka na biyu, ya duba wasu lambobi a baƙin allo, ya ga sun ɗan saɓa da na farko, ya goge ya sake daga tushe. Furar har ta tsinke bai sha ba. Da ya gama sai ya haɗa su suka zama madubin juna: duk abin da aka rubuta a ɗaya, a take ake rubuta shi a ɗayan. Wuni guda injin ya yi yana daidaita su, wata lamba tana hawa a hankali, mu kuma muna hira.

A cikin hirar ya gaya mini abin da ya kamata in riƙe da haƙori. Ya ce in diski ɗaya ya mutu, ɗayan zai ci gaba da aiki, shafin zai buɗe kamar kullum, ba wanda zai san wani abu ya faru. Ya ce amfanin abin ke nan, kuma haɗarinsa ke nan, don mutum sai ya yi ta tafiya da ƙafa ɗaya yana zaton biyu gare shi. Ya kuma ce madubi ba ajiya ba ne, ana buƙatar diski na uku da za a kwafe komai a kai a ajiye wani gida daban. Ya yi sautunsa daga Damagaram, bai iso ba tukuna.

A nan shi ma ya yi nasa kuskuren, zan faɗa don gaskiya. Masu ɗaukar muryar katin ajiyar wayarsu wurinsa kaɗan ne, kuma akwai ƙauyukan arewa da ba su je ba. Suka tambaye shi ko su goge abin da suka riga suka kawo masa. Ya ce su goge, ai yanzu yana wuri biyu.

Ba a yi sati uku ba hawan jini ya kayar da Inna a bakin randa. Likita ya ce sai Damagaram. Ni ina da cikin wata takwas, maigidana ya ce ba inda za ni a wannan zafin bazara. Ƙanena ne ya tafi da ita, shi da wata gwaggonmu. Ana loda kaya a mota ya jawo ni cikin shagon, ya nuna mini wasu 'yan fitilu biyu a gaban injin, duka koraye, kowace tana tsaye a kan diski ɗaya. Ya ce ya so ya haɗa injin ya riƙa turo masa saƙo da kansa in wani abu ya lalace, bai samu ya gama ba. Ya damƙa mini makulli.

"Yaya, kullum ki leƙa. In kin ga ɗaya ta yi ja, ki kira ni. Ko ina nake, ko me nake yi."

Na ce masa ya tafi da zuciya ɗaya, ya kula mana da Inna.

Na riƙe amanar kwana takwas. In na idar da sallar walha sai in buɗe shagon, in share, in goge saman akwatin, in dubi fitilu, in rufe. Rana ta tara na shiga da tsintsiya na ga ta hagu ta yi ja. Na matsa kusa, na kare hasken ƙofa da mayafina ko idona ne. Ja ce.

Wallahi a take na kira shi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, don ba mantuwa na yi ba, ba kuma rashin sani ba ne. Ya ɗauka, na ji muryarsa kamar ta wani dattijo. Kafin in buɗe baki ya fara gaya mini Inna ta daina haɗiye ko da ruwa, an sa mata roba ta hanci, shi ke juya ta don gwaggo ba ta iyawa, bayanta ya fara salewa. Ya ce jiya ta kira shi da sunan babanmu. Na ji yana jan hanci. Sannan ya tambayi gida, ya tambayi nauyin jikina, ya ce injin fa?

Na ce lafiya lau.

Ku da kuka taso a irin gidajenmu kun san daga inda wannan amsar ta fito. Ba a ɗora wa mai jinya kaya. Ba a gaya wa na nesa mugun labari. Ni kaina lokacin da babanmu ya rasu ina kwalej a Damagaram, ce mini aka yi zazzaɓi yake yi yana son ganina, sai da na sauka daga mota na ga tabarmi a ƙofar gida. A lokacin ban ga laifin kowa ba, tausayi na ɗauke shi. Da wannan tarbiyyar na tsaya a gaban jar fitila na ce lafiya lau.

Da na kashe wayar sai na buɗe shafin a salulata. Ya buɗe. Na taɓa wani hoto, muryar wani tsoho ta fito tangaram, yana lissafa rijiyoyin da ya sha tun yana yaro. Na kai wa maigidana maganar da rana. Shi mutum ne na kasuwar dabbobi, bai san kan waɗannan abubuwa ba, ya saurari tsohon ya ce tun da yana magana ai bai mutu ba, a bar bawan Allah ya ji da abin da ke gabansa. Ban gaya masa abin da ƙanena ya ce game da tafiya da ƙafa ɗaya ba. Na san in na faɗa zai ce in sake kira, ni kuma amsar da ya ba ni ita nake so.

Daga ranar na canza yadda nake shara. Sai in shiga in juya wa injin baya, in share, in fito. Har addu'a na riƙa yi masa bayan salla, ku ji fa, mace da hankalinta tana roƙa wa ƙarfe tsawon rai. Sau uku ƙanena ya ƙara tambayata a waya, sau uku ina cewa lafiya lau. Na farkon ne kawai ya yi mini nauyi a baki.

Inna ta cika ranar wata Alhamis, kwana goma sha uku bayan fitilar ta yi ja. Saboda zafi a can aka yi mata sutura. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ƙanena ya dawo aka yi zaman makoki a ƙofar gidanmu, tabarmi har bakin shagon. Ya rame, wuyansa ya fito. Na ce a raina bari a yi sadakar uku in gaya masa. Aka yi uku, na dube shi yana karɓar gaisuwa kansa a ƙasa, na ce bari a yi bakwai. Makulli yana ɗaure a bakin zanena. Shi kuma bai nema ba, tun da Yayarsa ta ce lafiya lau.

Rana ta shida shugaban ƙungiyar ya dawo gaisuwa. Da zai tashi sai ya ja ƙanena gefe, yana ba da haƙuri cewa ba lokacin maganar ba ne, amma tun jiya shafin ba ya buɗewa. Ƙanena ya aiko a karɓi makulli. Ban ba ɗan aiken ba, na saka hijabi na kai da kaina.

Fitilun duka biyu sun yi ja. Daga cikin akwatin wani ƙara yake fita, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa faranti da cokali. Ya durƙusa ya kunna allo, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya kashe injin. Ya jima a durƙushe. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya tambaye ni ko tare suka yi ja. Na ce a'a. Ya ce yaushe ta farko ta yi?

Na ce yau kwana goma sha tara.

Na ga leɓensa yana motsi. Lissafi yake yi, yana jera ranakun da muka yi waya. Da ya gama ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya miƙe ya koma kan tabarma ya ci gaba da amsa gaisuwa.

Bayan bakwai ya cire diskin ya aika wa wani abokinsa a Yamai. Aka yi wata guda ana fama. Abin da aka ceto 'yan hotuna ne da wasu muryoyi a guntule, tsoho ya fara magana sai ta yanke. Katunan waya an goge su tuni. Aka sake tura mutane ƙauyuka, suka tarar uku daga cikin tsofaffin sun rasu a wannan bazarar, ciki har da mai lissafin rijiyoyin nan da na saurara. Wasu kuma suka ƙi sake magana, suka ce sun faɗa sau ɗaya, su ba abin wasan yara ba ne.

A zaurenmu ƙungiyar ta zauna a kan maganar. Na haihu a lokacin, ina cikin wankan jego. Na zauna a bayan bango da jaririya a cinya, komai ina ji. Ƙanena ya yi musu bayani tiryan-tiryan, yadda ya yanka diskin, yadda ya haɗa su, yadda ɗaya ya mutu ɗayan ya yi ta ɗaukar nauyi shi kaɗai cikin zafi har shi ma ya bi. Ya ce shi ya ba da izinin goge katunan alhali diski na uku bai iso ba. Wani daga cikinsu, mai kaifin baki, ya tambaye shi ko da zai tafi jinya bai bar wa kowa ya riƙa duba injin ba.

Maigidana yana cikin zauren, ya san komai, na ji ya yi gyaran murya.

Ƙanena ya ce, "Ban bar wa kowa ba. Rufewa na yi na tafi."

Wani dattijo Bafillace da ya yi ta kai masu ɗaukar murya ƙauyuka a kan raƙuminsa ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, su sun ɗauki bakin iyayensu sun ba 'yan lakwal masu boko, 'yan lakwal sun zubar a ƙasa. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Muryata za ta kai. Na sunkuyar da kai na gyara wa jaririyar nono a baki, ban ce komai ba. A ranar suka sallami ƙanena.

Da kaka ta zo aka yi rigima a wani burtali a kwarin Tarka, ɗaya daga cikin wuraren da mai shaidarsu ya rasu. An ji wa mutane rauni, wani magidanci ya rasa hannu. Ba zan ce da muryar tana nan da ba a yi ba, Allah kaɗai ya san wannan. Amma mutane sun faɗa, kuma da sunan ƙanena suka faɗa. Ya nemi aiki a meri, ofishin magajin gari, ya nema a wata makaranta, ko'ina sai a ce za a kira shi. Kafin shekara ta zagayo ya ɗaure jakarsa ya tafi Agadas. Yana can har yau, yana gyaran salula a wata rumfa, mutumin da ya ce ko da shayi zai zauna a gida.

Shekara huɗu ina lallashin kaina da magana ɗaya. Ina cewa da na gaya masa, da ya baro Inna ya taho, da ta cika ba ya kusa. Ko ba komai na ba shi wannan, shi ya yi mata kalmar shahada. Da wannan nake samun barci. Wata Babbar Salla ya zo, muna zaune da la'asar ina yanka masa soyayyen nama, sai na ga dama ta samu. Na roƙe shi gafara, sannan na kawo masa wannan hujjar tawa, ina jiran ya ce haka ne.

Ya ce ya yafe mini tun a ranar, kuma shi ma yana da nasa kason. Sannan ya ƙarasa.

"Amma Yaya, ba sai na taho ba. Cewa kawai zan yi ki danna maɓallin baya ki kashe shi har in dawo. Minti biyu ne a waya."

Ya ci gaba da cin namansa. Ba da nufin ya soke ni ya faɗa ba, na san ƙanena. Tambaya na yi, ya ba ni amsa, abin da ni na kasa yi masa.

Bayan ya koma na nemi izinin maigidana na tafi gidan shugaban ƙungiyar, ya tsufa a lokacin. Na zauna a gaban matarsa na faɗa masa komai, makulli, fitila, kwana goma sha tara, lafiya lau sau huɗu. Ya saurare ni har na gama. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, da ma an san ni da tausayi, amma ba sai na ɗauki laifin ƙanena na ɗora wa kaina ba, abin da ya wuce ya wuce. Na rantse masa. Ya ce ai ya sani, 'yan'uwantaka ke nan. Matarsa ta kawo mini ruwa tana share hawaye, tana cewa ina ma kowa ya samu 'yar'uwa irina.

Na daɗe ina juya abin nan. A da ina zaton tausayi da gaskiya in sun haɗu a hanya, gaskiya ce ya kamata ta kauce. Yanzu na gane a ranar ba ƙanena na tausaya wa ba. Kaina na tausaya wa, ban so in zama bakin da zai ƙara masa nauyi, ban so in ji yadda muryarsa za ta canza. Shi ya riga ya gaya mini abin da zai iya ɗauka, ya ce ko ina yake, ko me yake yi. Ni na yanke masa cewa ba zai iya ba, ban kuwa tambaye shi ba. In wani ya ba ku amanar ido, ku gaya masa abin da kuka gani a ranar da kuka gani. Abin da zai yi da labarin nasa ne, ba naku ba.

Muna waya da shi duk Juma'a, 'ya'yansa suna zuwa mini hutu, tsakaninmu ba komai sai alheri. Sai dai gaskiya tana da lokacinta, ni kuwa na kai tawa kasuwa bayan an watse. Har yau a garin nan in an ambaci ƙanena sai wani ya ce, au, wanda ya ɓatar da muryoyin tsofaffi. Ni kuma in na wuce sai a ce ga baiwar Allah mai tausayi.